Yadda Na So In Kafe Kayan Ɗakin Yayata Kamar na Jirgin Ruwa

Shekarun baya, lokacin ina ajin farko a jami'a ina karatun zanen gine-gine, aka shiga wani dogon yajin aiki, muka tattaro muka dawo gida Daura. Cikin kayan da na dawo da su akwai wani tsohon littafi mai hotuna da na saya wurin masu baza littattafai a ƙasa a Kano. Bangonsa ya yage, shafukan farko ma babu su. Littafin na manyan jiragen ruwa ne, waɗanda suke jigilar fasinja tsakanin Turai da Amurka a farkon ƙarnin da ya wuce, kafin jirgin sama ya karɓe musu kasuwa.

In faɗa muku gaskiya, har yau ban taɓa ganin teku ba. Ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Amma a wannan zaman gidan na san cikin jiragen nan fiye da yadda na san layukan unguwarmu. Abokaina suna majalisa, ni ina ɗaki ina kallon matakalar bene mai faɗin titi, a samanta an yi ƙubba ta gilashi, bango duk an lulluɓe shi da katako mai sassaƙa. Na karanta cewa da gangan masu zanen suke yin haka. Yawancin fasinja tsoron teku suke yi, ga amai, ga jiri, kuma sai an yi kusan mako ana tafiya. Saboda haka sai a ƙawata cikin jirgin kamar babban otal ko gidan sarauta, don mutum ya manta cewa ƙarƙashinsa ruwa ne. Daga baya ne aka rage sassaƙa, aka koma layuka miƙaƙƙu da fitilu ɓoyayyu.

Sai dai ba manyan zaurukan ne suka fi kama ni ba. Ƙananan ɗakunan kwana ne. Ɗaki ɗan mitsitsi, amma babu abin da ya rasa. Gado da durowa a ƙarƙashinsa. Wurin wanke fuska da ake naɗewa ya koma bango. Kanta mai ɗan shinge a bakinta don kada kofi ya zame idan jirgi ya karkata. A ɗakin cin abinci har kujerun an ɗaure su da ƙasa. Komai a kafe, komai a mazauninsa. Ni da nake jera alƙalumana bisa tsawonsu, sai na ji kamar don ni aka yi.

Ana cikin haka aka sa ranar auren yayata. Angon malamin makaranta ne a Sandamu, mutum mai kirki, kuma ita ta zaɓe shi. Matsalar ɗaya ce: ɓangaren da aka ware masa a gidansu ɗaki ne da ɗan falo, kuma ɗakin ƙarami ne ƙwarai. Da Inna ta aike ni in auno shi, na dawo na faɗa mata cewa idan gado ya shiga, sif ba zai shiga ba, balle madubi. Yayata tana jin mu. Na ga yadda fuskarta ta canza. Kun san yadda ranar jere take. Mata za su cika gidan, dangin ango za su leƙa, a ga abin da uba ya yi wa 'yarsa. Idan rabin kayan suka tsaya a tsakar gida don babu wurin sa su, maganar ba za ta mutu a ranar ba.

Ni ba mai magana ba ne. A gidanmu ma sai a wuni ba a ji muryata ba. Amma washegari na ɗauki littafin na same ta tana guga.

"Yaya, kalli wannan ɗakin. Bai kai naki ba ma."

Ta kalla, ta juya shafin, ta dawo da shi. "Auta, ni za ka mayar 'yar jirgi?"

"Komai zai shiga. Har kwanukanki."

"Har su?"

"Har su, in sha Allahu."

Na zauna na zana. Gado mai durowa a ƙasa. Sif siriri daga ƙasa har rufi, a manne da bango. Madubi da ɗan teburinsa da ake saukewa a mayar. Sai doguwar kanta a sama, ta zagaye ɗakin, mai shinge a baki, wurin jera tangaran da kuloli. Baba ya duba zanen ya jinjina kai ya ce ashe karatun bai tafi a banza ba. Angon ya ce shi dai duk abin da ta ce. Kafintan unguwarmu ya karɓi aikin, ya fara yanka katako. A lokacin, ko ban faɗa ba, tafiyata ma ta canza.

Sai Gwaggo ta iso daga Mashi. Yayar Baba ce, kuma a danginmu ba a jeren 'ya mace sai da ita. Bayan ta huta, Inna ta ce in kawo zanen ta gani. Na durƙusa gefen tabarmarta ina nuna mata da yatsa. Ta kasa kunne har na kai kan doguwar kantar.

"Tsaya, Injiniya. Wannan ina ƙafafunta?"

"Ba ta da ƙafa, Gwaggo. A bango za a kafe ta."

"Sif ɗin fa?"

"Shi ma. Za a huda bangon a ɗaure shi da ƙarfe. Ko an tura ba zai motsa ba."

Da alfahari na faɗi wannan. Ta ɗago ta kalle ni, ta kalli Inna.

"Bangon wa?"

"Na ɗakin mana."

"Na ce bangon wa."

Na ce, "Na gidansu angon."

"To idan za ta tashi fa?"

Ba a irin wannan maganar ana shirin biki. Inna ta ce, "Haba Yaya, Allah ya kiyaye." Gwaggo ta ce amin, ta ce ita ma ba fata take yi ba. Sannan ta juyo gare ni.

"Mutanen jirgin naka, idan sun isa inda za su, suna sauka da gadon?"

"A'a. Na masu jirgin ne."

"Yawwa. Ka ba kanka amsa."

Ta gyara zama ta ce lokacin da mijinta ya rasu aka zo rabon gado, gida na magada ne, gona ta magada ce, an ba ta nata kason kamar yadda addini ya ce. Amma babu wanda ya kalli gadonta na ƙarfe da kwallayenta, don kowa ya san ubanta ne ya yi mata. Su ta ɗora a amalanke ta koma gida. Kwallayen ta sayar ta sayi awaki, da awakin ta riƙe 'ya'yanta. "Kayan ɗaki ba ado ba ne kawai, ɗan nan. Shi ne abin da mace ta shiga da shi, kuma nata ne ko bayan ranta. Ka buga shi a bangon wani, ran da aka zo cirewa a ce kin ɓata mana gini."

Na san al'adar, a cikinta na tashi. Kawai ban taɓa haɗa ta da ƙusa da bango ba. Yayata kuwa, da take bakin ƙofa, ta juya ta shige ɗaki.

Da safe na same ta tana tsince shinkafa, idanunta sun ɗan kumbura. Na tsuguna kusa da ita ina jan zaren tabarma.

"Ni ban shiga don in fito ba, Auta," ta ce, ba ta kalle ni ba.

"Na sani, Yaya."

"Kuma ɗakin nan naka ya yi min. Har na faɗa wa ƙawayena."

"To a bar shi yadda yake? Baba zai goya mana baya."

Ta daɗe tana juya shinkafar a faifai. "Ita ma Gwaggo ba ta shiga don ta fito ba." Ta cire wata tsakuwa ta jefar. "Ka yi yadda ta ce. Amma kada kayana su kwana a tsakar gida. Wannan kai ka ɗauki alkawarinsa."

Na koma ɗaki na rasa inda zan kama. Duk dabarar jirgin a kan kafewa take. Idan aka cire ta, me ya rage? Na yi ta juya littafin har na kai shafukan ƙarshe, waɗanda a da nake tsallakewa don babu ƙawa a cikinsu. Hotunan bakin tashar jirgi ne. Mutanen aji na uku, masu kwana can ƙasa kusa da injin, waɗanda suka baro ƙasashensu ba da niyyar komawa ba. Wata mata zaune a kan adakarta, ta rungume ƙullin kaya, yara sun jingina da ita. Na daɗe ina kallonta. Duk katakon nan mai sassaƙa da ƙubbar gilashi, babu ko ɗaya nata. Nata shi ne abin da take zaune a kai.

A shafin da ke kallonsa kuma ga akwatin masu hali. Dogo ne, ana tsayar da shi a tsaye, a buɗe shi gida biyu: gefe ɗaya wurin rataye tufafi, ɗaya gefen durowoyi. Sif ne sosai, amma yana da mariƙi a gefe don 'yan dako.

Da shi na sake zanen. Sif ɗin na raba shi gida uku, kowane da mariƙinsa, a ɗora wani kan wani su zauna daram. Durowoyin gado suka zama akwatuna masu zaman kansu da ake turawa ƙarƙashi. Madubin ya koma cikin murfin sif. Da na kai wa kafinta, ya cire fensir daga kunnensa ya dube ni.

"Malam, shekaranjiya jirgi, yau akwati. Gobe kuma tirela za ka kawo min?"

Na ba shi haƙuri. Ya yi ta mita, amma ya yi aikin.

Abu ɗaya ne ya gagare ni: doguwar kantar sama. Babu yadda za ta tsaya ba tare da bango ba. Na maye gurbinta da 'yar gajeriya mai ƙafafu a falo, wadda ba ta ɗauki ko rabin abin da waccan za ta ɗauka ba. Dole wasu tangaran ɗin suka zauna a ɗakin Inna. Na je na faɗa wa yayata da kaina. Ta ce, "Ba komai," irin ba komai ɗin da kowa ya san da komai.

Ranar jere na bi a-kori-kurar da ta kai kayan Sandamu. Muka shigar da su, muka haɗa, komai ya zauna a inda na auna masa, tsakar gida ba a bar ko kujera ba. Mata suka kore mu waje suka hau aikinsu. Ina tsaye a zaure ina jin guɗa, sai aka ce Gwaggo tana kirana. Na shiga kaina a ƙasa, ɗakin cike da mata, har da dangin ango. Gwaggo ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta sa kafaɗa a jikin sif ɗin ta tura. Ya gusa kaɗan, ya yi ƙara a kan siminti.

Wata gwaggon angon ta ce, "Kai Hajiya, tun amarya ba ta shigo ba kina gwada mata hanyar fita?"

"Ina duba ko tsintsiya za ta shiga bayansa ne. 'Yarmu ba ta zama da ƙura."

Aka kwashe da dariya. Ta mayar da shi wurinsa, ta kakkaɓe hannu, ta ce da ni a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Yanzu nata ne."

Har yanzu ina kallon hotunan jiragen nan, kuma har yanzu suna burge ni. Sai dai tun daga lokacin, duk ɗakin da aka ba mu mu zana a makaranta, kafin in tambayi faɗinsa da tsawonsa nakan tambayi kaina wa zai zauna a ciki, kuma me ke nasa a ciki. Malamanmu sun koya mana yadda abu zai tsaya da ƙarfi. Babu wanda ya ce mana wani lokacin mai ɗakin yana bukatar abin ya iya ɗaguwa.

Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta. Yayata tana nan a Sandamu, a ɗakin nan dai, yara sun cika gidan, zamansu lafiya lau. Da na je gaishe ta da sallar da ta wuce, na ga sif ɗin a inda muka ajiye shi, mariƙansa har sun yi tsatsa. Na ce mata ashe da mun kafe shi ma da babu abin da zai faru, da tangaran ɗinta ma duk sun samu wuri.

Ta kalli sif ɗin, tana jijjiga jaririnta a kafaɗa.

"Ban taɓa motsa shi ba, Auta," ta ce. "Amma kullum ina sane da cewa yana motsuwa."