Na Hana Ɗana Rubuta Suna Don Tsoron Dariyar Majalisa

A lokacin da abin nan ya faru, ni mahauci ne mai tebur a unguwar Briqueterie, kuma ba a yanke shawara a layinmu sai an ji ta bakina. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, amma ina ganin shekaru sun sanar da ni komai. Ɗana na fari yana tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, kuma tun yana ƙarami ba shi da buri sai na zama likitan dabbobi.

Wata rana bayan la'asar ya same ni ina wasa wuƙa, ya durƙusa ya yi mini bayani. Ya ce makarantar da yake so ba a shigarta sai an ci konkur, wato jarrabawar shiga, kuma ana rubuta suna ne tun kafin sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito. Wanda ya tsaya jira zai tarar an rufe. Na ce ban yarda ba. Na ce mutum ba ya neman jami'a alhali bai san ko ya gama sakandare ba, wannan shisshigi ne a kan ikon Allah. Ya ce duk 'yan ajinsu haka suke yi, na ce su ba ni na haife su ba. Mahaifiyarsa ta sa baki, na ce ta ji da tukunyarta. Har malaminsu, wani Bafulatani mai haƙuri, ya tako daga unguwar Ekoudou zuwa teburina, ya yi ta lallashina da Hausa gauraye da Faransanci. Na ba shi kujera, na ƙunsa masa hanta, na sallame shi ina nan kan bakana.

Gaskiyar da na ɓoye ita ce, ba tsoron Allah ne ya riƙe ni ba. A shekarar da ta gabace ta, ɗan wani tela maƙwabcina ya zauna konkur, uban ya cika unguwa da labari, sai bak ya fito yaron ya faɗi. A majalisarmu ta ƙofar masallaci ni na fi kowa yi wa telan tsiya. Duk ranar da ya zo wucewa sai in ɗaga murya in tambaye shi ko dokta ya fara duba marasa lafiya, a kwashe da dariya. Na san idan nawa ya faɗi za a rama, har da ƙari.

Bak ya fito, yaro ya ci da kyau. Na yanka rago, na ce masa gobe da safe ya je ya rubuta sunan da ya dame ni da shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ai tuni aka rufe.”

Akwai karatun da ake shiga ba konkur, amma ya ce zai jira baɗi. Na ce to, kafin nan ya kama mini aiki. Wanda ya tafi mayanka tun asuba ya wuni yana sara, ina zai samu idon karatu? Da shekara ta zagayo ya zauna, bai samu ba. Bayan haka hawan jini ya kwantar da ni, tebur da ciyar da ƙannensa suka koma wuyansa, har ya wuce shekarun da ake karɓa.

Yau jami'in da ke duba nama a mayanka ɗan ajinsu ne. An ce mini suna gaisawa da fara'a, sannan ɗana ya riƙe masa cinyar saniya, shi kuma ya buga hatimi. Na taɓa kiran ɗana ɗaki na faɗa masa ainihin dalilina, na roƙe shi gafara. Ya ce da ban faɗa masa ba da ya fi, don duk shekarun nan yana rarrashin kansa ne da cewa addini na kare. Ya ce ya yafe, ya tashi ya koma bakin aiki.

Iyaye 'yan'uwana, idan yaro ya zo muku da zancen makaranta da ba ku gane ba, ku tambayi wanda ya sani tun ƙofa tana buɗe. Kuma kafin ku ce “saboda Allah”, ku binciki zuciyarku ku ga ko shi ɗin kuke tsoro. Ni mutane na ji tsoro, kuma yawancinsu yau ko sunan ɗana ba su riƙe ba.