Zaiba da hannun gwaggona

Shekarun baya, a ƙauyenmu kusa da Tsiga, ba a biki sai an aika wa gwaggona. Ita ce mai zanen lalle, ga raha, tun daga zaure ake jin dariyarta.

Mijinta yana sayen zinariya wurin samarin da ke tafiya haƙa bayan girbi. Suna kawo ta a dunƙule da zaiba, wani ƙarfe mai gudana kamar ruwa. Gwaggo ce ke ƙona ta cikin ludayin ƙarfe a ɗakin girki, ƙofa a rufe don gudun idon maƙwabta. Zaiba ta ɓace, zinariya ta rage. Ni kuwa uwar son gani, har roƙo nake a ɗiga min zaibar a tafin hannu in yi ta mirgina ta, ina jin na fi kowa gata.

Sannu a hankali zanenta ya fara karkacewa. Sai hannun ya kama rawa. Abin da ya fi ba mu tsoro, matar da ke cika gida da murya ta koma ɓuya bayan labule idan an yi sallama, magana kaɗan sai kuka. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu.

A asibiti a Funtuwa likita ya ce ta taɓa hancinta da yatsa. Ta kasa. Ya tambayi sana'ar gidan, na ba shi labarin ludayi.

Ya dubi gwaggo ya ce, "Hajiya, zaibar nan ina kike zaton take tafiya?"

"Wuta ce ke cinye ta, likita."

"Ke kike shaƙar ta. Ba ta da wari, ba a ganinta, a ƙwaƙwalwa take zama."

Har yau abin yana ɗaure min kai: tururin da ido bai gani ba ya kai har ga halin mutum ya sauya shi. Allah da iko yake.

Aka daina ƙonawa. Rahar ta dawo bayan shekaru, rawar hannun dai ba ta tafi ba.

Ranar sunan ɗana na fari, yaro ya ƙi yin shiru, kowa ya gaji. Gwaggo ta ce, "Miƙo shi nan, 'yar nan. Hannuna ba ya gajiya da jijjiga."

Kafin a rarraba goro ya yi barci.