Ranar da Ɗiyata Ta Ɓuya a Ruga

Ni mai fura ce, kuma duk wanda ya san kasuwar Yankara ya san mai fura ba ta zama ita kaɗai, dole gefenta akwai mai nono. Tawa mai nonon Bafillatana ce daga wata ruga ta wajen hanyar Ruwan Godiya, siririya, mai dariya har da hawaye. Tun muna amare muke jera ƙorai a inuwa ɗaya, ni in dama, ita ta zuba. Muka ƙulla ƙawance irin na da, wanda ake kai goro a shaida wa iyaye. Da na haifi ɗiyata ta fari ita ta fara goya ta, kuma ranar suna ta faɗa a gaban mata cewa in Allah ya nuna mana auren yarinyar nan, ita za ta kama ta da madarar saniyarta.

A wajenmu haka ake kamu. Ranar da za a sa amarya a lalle sai ta gudu da ƙawayenta su ɓuya a wani gida, mata su bazama nema. In an gano ta, wata babba ta fesa mata madara, a rangaɗa guɗa, shi ke nan ta kamu. Gwaggon amarya, 'yar'uwar uba, ita ke shiga gaba da kwanon lalle, kuma abin kunya ne a gare ta ta koma gida ba amarya.

Sai shekarun nan na tashin hankali suka zo. 'Yan bindiga suka hana noma, suka hana barci. Yayar mijina, wadda muke ce wa Hajiya, an harbe ɗanta a gona yana huɗa. Ba a daɗe ba wasu 'yan gari suka tare ɗan ƙawata a hanyar dawowa daga kasuwa, yaron da ko kaza bai taɓa sata ba, suka kashe shi don kawai Bafillace ne. Daga nan matan ruga suka daina shigowa gari. Ƙawata ta dawo da 'yan bukkokinta bayan fadama, inda daga garinmu ana hango hayaƙinsu, amma ƙafarta ba ta ƙara taka ƙofar gari ba. Mukan haɗu a bakin rafi mu gaisa a tsaitsaye, kamar masu laifi.

Da aka sa ranar auren ɗiyata, wallahi ƙasa ba ta ɗaukata. Na daka, na soya, na yi faɗa da mai ɗinki, na yi faɗa da mai kawo itace, na shirya da su duka kafin la'asar. Cincin da dubulan har a ɗakin maigida na jibge su, ya ce ko shi ma sayar da shi za a yi. Ina cikin wannan murna na je gaishe da Hajiya, na ce mata zan aika wa ƙawata ta zo ta cika alkawarin kamu.

Hajiya ta aje carbinta. Ta ce, "In Bafillatana ta tako gidan ƙanena, ni da bikin nan har abada."

Na ce, "Hajiya, ita ma fa an kashe mata ɗa."

Ta ce, "Ba na son ji. Suna can suna shan nonon shanun da aka sace mana."

Ni kuwa bakina ba ya da linzami. Na ce mata ƙawata ta goya yarinyar nan tun wasu ba su san kalar zanen goyonta ba. Ta ce in fitar mata daga ɗaki. Na fita ina huci, na iske maigida, shi kuma ya yi abin da maza ke yi in an sa su tsakanin yaya da mata: ya ce a yi haƙuri, ya ɗauki buta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba a biki ba gwaggo, ni kuma in aka kama ɗiyata da hannun wata, ban san da wane ido zan ƙara kallon ƙawata ba. Ɗiyata tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ji komai, ba ta ce kanzil ba.

Ranar kamu gida ya cika maƙil tun hantsi. 'Yan'uwa daga Pauwa, surukai daga Faskari, masu kiɗan ƙwarya sun baje a tsakar gida. Amarya ta ɓace da ƙawayenta kamar yadda aka saba, muka yi ta dariya. Hajiya ta sha ado, ta ɗauki kwanon lalle, mata suka bi ta. Uwar amarya ba ta bin masu nema, kunya ake so ta yi, amma ni ina zan iya zama? Na ja mayafi na rufe fuska na bi bayansu, kowa ya gane ni, kowa ya yi kamar bai gane ba.

Muka shiga gidan liman, babu. Gidan mai unguwa, babu. Muka leƙa rumbuna, muka ɗaga asabari, wata tsohuwa har da leƙa akurkin kaji, aka yi ta yi mata tsiya. Rana ta take, gumi ya wanke kwalliya, dariya ta fara ja da baya. Sai ga wata mata ta fito daga lambu da kwandon yakuwa, ta ce ai tun da safe ta ga 'yan mata sun ƙetare fadama a guje, sun nufi bukkokin Fulani.

Wani daɗi ya kama ni, sai da na cusa mayafi a baki don kar a ji dariyata. Ashe shirun yarinyar nan ba na banza ba ne. Hajiya ta juyo ta zuba mani ido. Na ce, "Na rantse da Allah ban sani ba, Hajiya." Gaskiya na faɗa, kuma ta ga haka.

Mata suka yi cirko-cirko. Wasu suka ce a aika maza su taho da ita. Wata dattijuwa daga dangin ango ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin inda maza suka yi kamu ba, kuma in gwaggo ta koma da lalle ya bushe a kwano, su za su koma Faskari su faɗi abin da suka gani. Hajiya ta dubi kwanon lallen da ke hannunta. Can ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Zan je in ɗauko 'yar ƙanena. Ba gaisuwa ta kai ni ba."

Haka muka ratsa fadama, jere kamar masu zuwa ɗiban ruwa, takalma a hannu, leshi a tattare zuwa gwiwa. Masu ban ruwa suka bar aiki suna kallonmu. Wata ta zame ta zauna daɓas cikin laka, dariya ta dawo, har masu ƙwarya suka soma taɓa kiɗa. Ni ce a gaba yanzu, na manta da wata kunya.

Da muka hau tudun rugar, kiɗan ya mutu da kansa. Bukkoki ne 'yan kaɗan, an share wurin tas. Babu saniya ko ɗaya, babu kashin shanu, babu ko ƙudan da ke bin garke. Dangwalin da ake ɗaure maruƙa yana rataye a reshen marke, ya bushe ya ƙandare. Ni kaina ban san abin ya kai haka ba, don kullum na tambaye ta shanu sai ta ce suna daji.

Ƙawata ta fito daga bukka, ta durƙusa ta ce, "Sannunku da zuwa, Hajiya. Yaran nan ne suka faɗo mani, na ce su koma, sun ƙi."

Hajiya tana ta kallon dangwalin. Ta ce, "Ina shanunku?"

"Waɗanda suka shiga gonakinku su suka kore su, Hajiya, tun kafin a kashe mani yaro."

Ina jin 'yan matan a cikin bukka suna ƙus-ƙus. Hajiya ta miƙa mani kwanon lalle ba tare da ta dube ni ba, ta sauka a hankali, da ciwon gwiwarta da komai, ta durƙusa a gaban ƙawata. Ta ce, "Ashe ba mu zo maki gaisuwa ba. Ya haƙuri?"

Ƙawata ta ce, "Haƙuri da godiya. Ya naki haƙurin, Hajiya?" Sai suka kama hannun juna suka yi kukan da kowace ta daɗe tana yi ita kaɗai. Mu ma muka taya su, har dangin ango da ba su san yaran ba.

Da aka share hawaye Hajiya ta ce, "To, tashi ki kama mana ɗiyarki, rana na yi." Ƙawata ta sunkuyar da kai ta ce ba ta da madarar saniya, sai garin madara na shago da take damawa ya kwana ya yi tsami, da shi take ɗan samun na abinci. Hajiya ta ce, "Kawo ta hakanan." Aka jawo amarya daga bayan gado tana ɓoye fuska, ƙawata ta guntsi madarar ta fesa mata a ka, ta ƙara fesawa. Ni na fara guɗa, uwar amarya guda, abin da ba a taɓa yi ba, kuma ban ji kunyar kowa ba. Kiɗa ya tashi, matan rugar suka fito suka shiga rawa, aka shafa wa kowa lalle a tafin hannu.

Da za mu koma Hajiya ta ce ƙawata ta ɗauko mayafi. Muka ƙetare fadama da waƙa. A ƙofar gari maza na zaune a inuwa, suka miƙe da suka ga wadda ke cikinmu, ƙawata ta ja ta tsaya. Hajiya ta damƙi tsintsiyar hannunta ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Baƙuwata ce. Mai magana shi zo shi same ni, ni ma na binne ɗa." Ba wanda ya motsa, muka wuce.

Ina bayansu dab, kiɗa na tashi, amma ina jin abin da suke faɗa. Zancen 'ya'yansu suke yi. Hajiya ta ce nata ba ya shan fura sai an zuba yaji har ya yi ta atishawa. Ƙawata ta ce nata kuwa ko ƙanshin barkono ya ji sai ya bar wurin. Hajiya ta ce, "Ba ni labarinsa. Dogo ne?"