Tukunyar da Inna Ke Saurara

Ba a daɗe da tafiyar Faransawa ba na samu aiki a tashar jirgin ƙasa ta Parakou, kaina kuwa ya kumbura. Da albashin farko na shiga kasuwa na sayi tukunyar dalma mai murfi, wadda muke kira marmiti, na hau mota zuwa gida Djougou ina rungume da ita a cinya.

Mahaifiyata, Inna, tukunyar ƙasa guda take miya a ciki tun kafin a haife ni, baƙa ƙirin, baki a ɓantare. Fataken goro da ke sauka wurin Baba har lashe yatsu suke yi. Ni dai kunyar tukunyar nake ji. Na ɗora marmiti a murhu, na kai tsohuwar bayan ɗaki, na zuba wa kaji ruwa a ciki.

"Ɗan nan, bar mini abata," in ji Inna.

"Haba Inna, duniya ta ci gaba. Ai hannu ke girki, ba tukunya ba."

Ta shafa murfin marmitin, ta sa mini albarka. Na koma Parakou ina jin na yi abin kai.

Da na dawo Babbar Salla, na tarar matar yayana ce a murhu. Wai Inna ta yi ta ƙona miya, har a gaban baƙi, Baba ya ce tsufa ne, ta huta. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, hannuwa a cinya ba abin yi.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta laluba ta kama hannuna.

"Idona ya daɗe da tafiya, ba wanda na gaya wa," ta ce a hankali. "Da kunne nake girki. Waccan tsohuwar in tafasarta ta yi nauyi, na san lokacin kaɗa kuka ya yi. Taka ba ta jirana, kafin in ji ta, ta kama."

Na ruga bayan ɗaki. Akuya ta riga ta taka tukunyar, ta fashe gida uku a cikin kashin kaji.

Na sayo mata wata ta ƙasa. Ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta ce ba ta san muryarta ba. Inna ba ta sake girki ba har ta rasu, kuma ni na jawo. Marmitin yana gidana har yau, ko lotsawa bai yi ba.