Farin Man Autarmu

Autarmu zabiya ce. A gidan da kowa baƙi ne wuluk, ita kaɗai Allah ya yi fara sol, gashinta kamar gemun masara. Ƙauyenmu na tsakanin Kura da Bunkure, hanyar firamare kuma ta bi gefen kanal ɗin ruwan noman rani ne, babu bishiya ko ɗaya. Rana ta doke ta daga sama, ruwa ya hasko mata daga ƙasa. Kullum ta dawo, wuyanta da kunnuwanta sun yi jawur, wani lokacin har su tashi su fashe. Inna ta lafta mata man kaɗanya, washegari ta sake ƙonewa.

Tana aji uku Baba ya ce shi fa ya gaji. In bazara ta shigo fatar nan ba ta yi sauƙi ba, ta bar makaranta. Yarinyar da take kwana rungume da jakarta! Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zai ja da Baba?

Ana haka kawunmu, direban motar tumatir da ke kai kaya kudu, ya zo da wani farin mai mai kauri a cikin roba. Inna ta matso kaɗan a yatsa, ta yatsina fuska.

"Haba Yaya, yarinya fara sol, kuma a ƙara mata man bilicin?"

Kawu ya rantse cewa mai kemis ya ce maganin rana ne. Inna ta yarda, sai dai ta yi da shi yadda ake yi da kowane man shafawa a gidanmu: bayan wankan yamma, ɗan tis a kan yatsa, a murza har ya ɓace. Auta ta kwana da mai, ta wanke shi da safe, ta fita rana. Kunnuwa suka ci gaba da ƙuna, Baba ya ce to kun gani.

Ni lokacin ina aji biyar a sakandare, ga rawar kai. Na ɗauki robar na kai wa malamarmu ta kemistiri. Ta karanta jikinta, ta ce in zauna.

Ashe a cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, shi ne mai ƙona fata. Baƙin da ke fatarmu yana shanye shi kafin ya yi ɓarna, Auta kuwa ba ta da wannan baƙin. A cikin man akwai farin garin zinki, wanda ke zama a saman fata ya tsotse yawancin hasken, ya watsar da saura. Akwai kuma wasu sinadarai da ke kama shi su mai da shi ɗan ɗumin da ba a ma ji. Malama ta ce, "Amma sai yana kan fatar a lokacin da rana ke dukanta, kuma da kauri. Gumi na wanke shi, sai an ƙara."

Wayyo, daɗi kamar in yi tsalle! Ashe man lafiyarsa ƙalau, mu ne muke shafa wa duhu. Da gudu na iso gida ina haki, ina ta zuba bayani. Inna tana tankaɗe ta ce, "Ke dai da surutun boko. Wa ya taɓa fita da fuska fari fat kamar ya faɗa buhun fulawa?"

Malama ta koya mini abin da zan yi. Na samo shuɗiyar takarda, na rufe ta da farar leda mai shara-shara. A kan ledar na shafa man kaɗanya a gefe guda, a ɗaya gefen kuma na sa Auta ta zana tafin hannunta da farin man. Muka danne da duwatsu a inda ake shanya kauɗar tumatir. Kwanaki muna zuwa leƙe, Inna na mana dariya.

Ranar da na ɗaga ledar, ihu na yi! Takardar duk ta koɗe, har wajen man kaɗanyar. Amma ga hannun Auta nan shuɗi shar, yatsu biyar, kamar yanzu ta ɗora shi. Na ruga da takardar wajen Baba yana gyaran injin ban ruwa. Ya goge hannu, ya karɓa, ya daɗe yana kallo. Sai ya kira Auta, ya ɗora tafinta a kan zanen.

Washegari da safe ni na shafa mata, lafce-lafce, har bayan kunne da ƙeya, na sa robar a jakarta don ta ƙara lokacin hutun tara. Inna na tsaye tana cewa za a yi mata dariya. Auta ta ce, "A yi, Inna." Za ta fita ke nan Baba ya cire malfarsa ta gona ya kifa mata, ta rufe ta har hanci.

Da ta dawo, Inna ce ta fara cafke ta a zaure. Ta juya kunnen dama, ta juya na hagu, ta ɗaga haɓarta ta duba wuya. Babu ja. Inna ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala, ni kuma na fashe da kuka don murna.

Baba ya dawo daga gona kansa ba komai, gumi na zuba. Auta ta miƙa masa malfar. Ya ce, "Ajiye abarki, Auta, gobe ma akwai makaranta."