Na Sauya Maganar Likita Don Yayana Ya Rasa Ƙafarsa

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara goma sha ɗaya a Makka, ina tuƙa motar wani kamfanin gine-gine, ina zaune a unguwar Zahir. Larabci ya zauna a bakina, har 'yan uwanmu Hausawa kan kira ni in yi musu tafinta a asibiti ko ofis. Mutane na ganina mai haƙuri. Ba su san abin da nake ɗauke da shi a zuciya ba.

Ina da wani yaya, ɗan wan mahaifina. Shekarun baya can gida 'yarsa ta rasu bayan zazzaɓi, sai ya tsaya a tsakar gida ya ce mahaifiyata ce ta kama kurwarta. Daga ranar aka daina sayen ƙosanta, mata suka riƙa janye 'ya'yansu idan ta wuce. Ta yi shekara biyu a ɗaki ba ta fita, sannan ta rasu. Ina nan Makka aka binne ta. Bai taɓa neman gafara ba, ni kuma na yi wa kaina alkawarin sai ya ɗanɗana.

Sai ga shi ya zo aikin gini, ba ya jin Larabci sai gaisuwa. Yana da ciwon suga. A lokacin aikin Hajji ya tafi dako a Mina, takalminsa ya tsinke, ya yini yana taka kwalta mai zafi bai ji ba, domin ciwon ya kashe masa jin tafin ƙafa. Ƙunar ta zama gyambo a ƙarƙashin babban yatsa. Da ya fara wari, ni ya kira, ya ce ba shi da kowa a garin nan sai ni.

Na kai shi asibiti. Likita ya sa aka yi masa allurar wani ruwa a jijiya, aka haska ƙafar da na'ura, hoton ya fito a allo. Ya nuna mini yadda agara da dunduniya suka yi haske saboda jini na isa can, amma daga tsakiyar tafin zuwa yatsu duhu ne. Ya ce gyambon da jini ba ya kaiwa gare shi ba zai warke ba komai maganin da aka shafa. Ya ce a cikin makon nan dole a buɗe jijiyar da ta toshe, kuma kada yayana ya taka ƙafar, in ba haka ba yanka za a yi. Ya rubuta takardar ganin likitan jijiya ya miƙo mini.

Yayan ya kalle ni ya ce, "Ƙanena, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce babu komai, Yaya. Ka riƙa wankewa kana ɗaurewa, ka ci gaba da aikinka."

Na ninke takardar na sa a aljihu, daga baya na yaga ta a bakin hanya. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Duk lokacin da na gan shi yana ɗingishi zuwa wurin aiki, sai in tuna mahaifiyata a ɗaki, in ce a raina saura kaɗan. Da yatsun suka fara baƙi ya sake tambayata, na ce masa alamar warkewa ce.

Bayan mako biyar zazzaɓi ya kayar da shi a wurin aiki. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na je duba shi da niyyar in gaya masa gaskiya, in ga fuskarsa. Na tarar abokan aikinsa sun kewaye gadon. Ya kama hannuna yana kuka, yana gaya musu ni ne na tsaya masa lokacin da kowa ya guje shi, yana roƙon Allah ya jiƙan wadda ta haife ni. Na fita ban gaya masa gaskiyar ba. Kamfanin da yake wa aiki ya sallame shi, ni na tura kekensa har filin jirgi a Jidda.

Shekara uku ke nan. Har yau ban yafe masa ba, kuma wani lokacin sai in ji ƙafa ɗaya ma ba ta isa ba. Amma na daina yi wa kowa tafinta, kuma idan na je Harami ba na iya ɗaga kai in kalli Ka'aba. Shi ya yi wa mahaifiyata ƙarya cikin zafin rashin 'ya, ni kuwa na yi tawa da hankalina kwance, a gaban likitan da ya yarda da ni.

Masu ciwon suga, idan an ɗauki hoton jinin ƙafarku, ku riƙe takardarku da hannunku, ku sa mutum na biyu ya karanta muku. Kai kuma mai riƙe da wani a zuciya, idan ya kira ka ka raka shi asibiti, ka ce ba ka da lokaci. Da abin da na faɗa ke nan, da yau yana tafiya da ƙafafunsa biyu, ni kuma ina ƙinsa da hannuna a wanke.