Fandishon Har-Gwiwa

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana aikin gini, kuma ko sau ɗaya bai taɓa zura tef a ramin fandisho ba. Idan leburori sun haƙa, sai ya naɗe ƙafar wando ya dira ciki. Bakin rami ya kai masa gwiwa? Shi ke nan, a kwaɓa kankare. Daga nan aka laƙaba masa Har-Gwiwa, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Abin da bai taɓa lura da shi ba, gajere ne ƙwarai. Daga tafin ƙafarsa zuwa gwiwa da ƙyar a samu inci goma sha biyar.

Akurkin kaji, shago, katanga, duk awonsu ɗaya. Wanda ya tsaya, gwanintarsa ce. Wanda ya tsage, laifin siminti ne, ko na mahassada.

Ƙanwarsa tela ce. Ta daɗe tana ɗinki a falo, mata na gwada kaya a bayan labule, mijinta na ta ƙorafi. Sai ta yanke shawarar gina ɗakin ɗinki daban a ƙarshen tsakar gida. Kunya ta hana ta kiran bare, ta kira yayanta.

"Yaya, nan fa tsohuwar rijiya ce aka cike da shara. Ba za a ƙara zurfi ba?"

"Ke da allura ina ruwanki da ƙasa? Na taɓa koya miki yankan riga?"

"Ni ai da tef nake yankawa."

"To ni nawa tef ɗin a jiki aka haife ni da shi."

Ya dira. Ya ji ƙasa na lotsawa kamar katifa, ya ce haka kankare yake so. Rodi ma ya ce ɓarna ce a ɗan ɗaki.

Aka gina ɗakin a haka. Ruwan sama na huɗu ƙofa ta daina rufuwa. Kwarkwaron zare in ya faɗi, sai ya gangara kusurwar gabas da kansa. Wata rana mai gwada riga ta hango hasken rana ta tsagar bango, ta suri kayanta ta fice, ta kuma ba da labari a unguwa. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa. Har-Gwiwa ya zo ya duba, ya ce aikin kafinta ne.

Tela ba ta yi musu ba. Ta sa aka rushe ɗakin, ta ɗauko wani magini mai tef da igiya, wanda ya ce sai an tarar da ƙasa mai tauri za a daina haƙa.

Har-Gwiwa ya zo kallo, yana taɓe baki. "Rijiyar za ku farfaɗo?" Don ya nuna musu almubazzarancinsu, ya naɗe wando ya dira. Bakin ramin ya tsaya masa a haɓa. Ya yi tsalle ya kama gefe, ƙasa ta zubo masa a fuska.

Ƙanwar ta leƙo, tef rataye a wuyanta.

"Yaya, ya kai gwiwa?"

Ya tofar da ƙasar da ta cika masa baki. Ta dubi leburori ta ce, "Ku ciro mini shi, kankare na jira."